Akwatin Wuta Da Takalmin Ƙwallo

Mutane da dama sun tambaye ni abin da ya hana ni buga wa ajinmu ƙwallo a gasar da aka yi a zango na uku na 2024, alhali kuwa kafin a tafi hutu babu wanda ya kai ni cika baki. Waɗansu na ce musu idon sawuna ne ya gurɗe, waɗansu kuma na ce musu Baba ne ya hana. Duka biyun ba gaskiya ba ne. Abin da ya hana ni wani ɗan akwatin ƙarfe ne wanda mutum zai iya ɗorawa a tafin hannunsa, kuma yau na ga ya kamata in ba da labarinsa, tun da yake an riga an yafe mini a gida.

Yayana, wanda ya girme ni da shekara tara, sana'arsa ɗaukar bidiyon biki da suna. Daga nan Kano yakan tafi Wudil, ko Bichi, ko Gwarzo, duk inda aka kira shi, ya ɗauko, sa'an nan ya zauna ya yanyanka ya harhaɗa, ya sa kiɗa da sunayen ango da amarya. Wannan harhaɗawar ita ce mai cin ƙarfin kwamfuta. Ya taɓa gwada irin ta tafi-da-gidanka, sai ta riƙa ɗaukar zafi tana jan ƙafa kamar jakin da aka labta wa kaya fiye da kima. Babbar ta tebur kuwa ba ta ɗaukuwa a babur. Saboda haka ya tara kuɗi ya haɗa wata 'yar ƙarama da hannunsa, wadda akwatinta bai kai girman jarkar 'yan garuwa ba. Babban allon da ke cikinta, watau wanda ake dasa sauran kayan a kansa, irin wanda ake kira Mini-ITX ne, santimita 17 ta kowane gefe, tsarin da kamfanin VIA na ƙasar Taiwan ya fito da shi a 2001. Yakan sa ta a jaka ya ɗaure a bayan babur, in ya isa masauki ya nemi soket ya kama aiki.

To, a cikin kowace kwamfuta ta tebur akwai wani akwati da ba a cika kula da shi ba, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, ni kuwa zan kira shi akwatin wuta. Wutar da ke zuwa gidajenmu a ƙa'ida bolt 230 ce, kuma kai-da-komo take yi sau 50 a cikin kowane sakan. Kayan cikin kwamfuta ba su cin irin wannan. Abincinsu wuta ce mai tafiya hanya ɗaya irin ta batir, bolt 12, da bolt 5, da bolt 3.3. Akwatin wuta shi ne uwar gidan da ke karɓar tsaba daga rumbu, ta surfa, ta daka, ta tuƙa, ta zuba wa kowa a kwanonsa gwargwadon cikinsa. In ta yi kuskure ba ita kaɗai za ta kwana da ciwon ciki ba.

Na manyan kwamfutoci, wanda ke bin tsarin ATX da kamfanin Intel ya kafa a 1995, faɗinsa milimita 150 ne, tsayinsa 86, zurfinsa 140 ko fiye. Wannan ba ya shiga kwamfutar Yaya ko an tura shi da ƙafa. Nata sai ƙaramin da ake kira SFX, mai milimita 125 da 63.5 da 100. Wanda ya iya lissafi ya buga ya gani: babban ya kai lita 1.8, ƙaramin kuwa bai cika lita 0.8 ba, watau ko rabi bai kai ba. Amma aikin da ake nema daga gare su ɗaya ne.

Ana gab da azumi Yaya ya sayi sabon katin hoto, wanda shi kaɗai yake shan wat wajen 300 in aiki ya yi zafi. Tsohon akwatin wutarsa mai wat 450 ne, sai ya zama duk lokacin da aka matsa wa kwamfutar takan mutu ɗif ba sallama. Yaya ya yi lissafinsa ya ce sai mai wat 750. Ya yi magana da wani mai shago da suka daɗe suna hulɗa, aka kawo masa daga Ikko, aka faɗa masa kuɗin. Da na ji kuɗin sai da na riƙe baki. Mako biyu bayan ƙaramar Sallah, cikin watan Afrilu, aiki ya taso masa na kwana uku a Wudil. Da zai tafi ya kira ni ya ƙirga mini kuɗin cif, ya ƙara mini na mota, ya ce, "Ka je wurin mutumina ka karɓo, ka ajiye mini a ɗaki. Kada ka tsaya ko'ina."

Na ce, "To, Yaya."

Na tsaya. Ba ma sau ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kayan kwamfuta da kuɗi a aljihu ya san yadda ƙafa ke yi wa mutum gardama. Ina cikin leƙe-leƙe sai wani mai tebur a bakin hanya ya yafato ni ya ce, "Samari, me ake nema?" Don in nuna masa ni ma ba baƙauye ba ne, sai na ce SFX nake nema mai wat 750. Ya yi dariya, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko wani a leda, ba ko kwali. Girmansa daidai, baƙi wul, yana ƙyalli, an rubuta 900W da manyan jajayen haruffa a gefensa. Ya ce, "Ga wanda ya fi naka da wat 150. Nawa aka ce maka a can?" Na faɗa masa. Ya kama kai ya ce, "Kai, mutane ba su da tausayi! Kawo kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ka tafi da shi."

Na ɗauka na jinjina, na ji shi sakayau kamar gwangwanin da aka shanye. A raina na ce ai ci gaban zamani ke nan, kome sai ƙara sauƙi yake yi. Ina so in gaya muku cewa niyyata in mayar wa Yaya da canjinsa ya yaba mini, kuma lalle akwai wannan a zuciyata. Amma akwai wani abu kuma. Tun watan Janairu nake wucewa ta gaban wani shago ina kallon waɗansu takalman ƙwallo shuɗɗa masu farin zane. Kafin la'asar suna cikin jakata. Rabin kuɗin da ya rage na naɗe shi a takarda na cusa a ƙasan akwatina na makaranta, wai sai na sami lokacin da ya dace in fito da shi.

Da na komo gida sai dabara ta zo mini. In na ajiye shi a ɗaki kamar yadda aka ce, Yaya zai gani ya gane. In kuwa na ɗaura shi a cikin kwamfutar na rufe, shi ke nan. Na sha ganin yadda yake yi, saboda haka na ɗauki sukudireba na kwance tsohon na ɗaura sabon. Na danna, fanka ta juya, hoto ya fito. Har rawa na taka ni kaɗai a ɗakin.

Yaya ya komo ran Lahadi da yamma a gajiye, ya yi buɗu-buɗu da ƙura. Na tare shi da albishir cewa har na ɗaura masa. Ya ɗan yamutsa fuska, amma da ya ga tana aiki sai ya dafa kaina ya ce, "Ashe ƙanen nawa ya zama injiniya." Ya kwashe duk abin da ya ɗauko a Wudil, daga kamu har zuwa kai amarya, ya zuba a faifan ajiya na cikin kwamfutar. Sa'an nan ya goge katunan kyamararsa, domin washegari da sassafe yana da ɗaurin aure a Fagge. Wannan gogewar kuskurensa ce, shi da kansa ya faɗa daga baya, amma da ban yi nawa ba da nasa bai zama kome ba.

Ran Litinin da dare ya zauna harhaɗawa. Zafin Afrilu kun san shi, da rana awon zafi yakan haura digiri 40, da dare kuma bango ya riƙa amayar da abin da ya sha. Ina kwance a tabarma ina kallonsa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya gama yanka, ya danna wurin da kwamfuta za ta dunƙule aikin ya zama fim guda, wanda a nan ne katin hoto ke buɗe baki ya sha wuta iyakar cikinsa. Ba a yi minti biyar ba sai muka ji fas! kamar an fasa leda, wani ɗan haske ya gilma ta ramukan akwatin, allon kallo ya yi baƙi. Sai wari, irin na robar da ta ƙone haɗe da wani abu mai kama da kifin da ya kwana. Ƙwan ɗakin kuwa yana nan yana ci abinsa, sitabilaiza ma ba ta ko yi ƙara ba, balle a ce daga masu wuta ne.

Yaya ya zare filogi, ya kwance murfin, ya haska da tocilan. Ya daɗe yana kallon jajayen haruffan nan. Sa'an nan ya ce, a hankali, "Watau don ya ga yaro na aika shi ne ya ba shi wannan. Shekara shida muna tare." Ya ce gari na wayewa zai je shagon, kuma sai duk layin sun ji abin da mutumin ya yi.

Daren nan ban runtsa ba. Da a ce tsautsayi kawai za a ce, wataƙila da na yi shiru har yau, ban sani ba. Amma ga mutumin da bai ci ba bai sha ba za a je a tozarta shi a gaban maƙwabtansa, kayan Yaya kuwa na nan a shagonsa yana jiran a zo a karɓa. Da asuba, Yaya na ɗaura agogo, na ɗauko takalman da ƙunshin kuɗin na ajiye a gabansa, na faɗa masa kome ina kallon ƙasa. Na so ƙwarai ya mare ni. Bai mare ni ba. Ya ƙirga kuɗin, ya sa a aljihu, ya ce, "Ɗauko kwamfutar mu je wurin Baba Mai-rediyo." Daga nan har muka isa bai ƙara ce mini uffan ba.

Baba Mai-rediyo tsoho ne a unguwarmu wanda ya fara gyara tun zamanin rediyo mai kwalabe a ciki, ya bi ta talabijin, yanzu kuma har inbata da cajar waya ake kai masa. Ya saurari labarin bai ce kome ba, sai ya ciro akwatin nawa ya jinjina shi a hannu, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, aji nawa kake?" Na ce aji biyar. Ya ce, "An koya muku yadda ake samun wat?" Na ce i, bolt sau amfiya. Ya nuna mini wani ɗan jadawali da ke ƙarƙashin jajayen haruffan, rubutunsa ƙanana kamar ƙwayar gero, ya ce, "Karanta mini layin bolt 12." Na karanta: amfiya 20. Ya ce, "Buga." Na buga a ka, 240. Ya ce, "To, ina sauran 660 ɗin?"

Jama'a, wannan lissafin shi ne tambaya ta biyu a jarrabawar kimiyyar lantarki da muka yi a zangon da ya wuce, kuma na ci ta. Malam har ya sa mini alamar yabo da jan biro. Amma ina tsaye a kasuwa da abin a hannuna, ko kusa bai faɗo mini a rai ba cewa abin da ke cikin littafi shi ne ke rubuce a gefen gwangwanin. Baba ya bayyana mana cewa kwamfutar zamani kusan duk abincinta daga layin bolt 12 take ɗiba, musamman ƙwaƙwalwarta da katin hoto, saboda haka wannan layin shi ne gaskiyar akwati. Na kirki mai wat 750 za ka ga an rubuta amfiya 62 ko sama da haka kaɗan a wurin. Ya ƙara da cewa ko 240 ɗin ma bai yi rantsuwa a kanta ba.

Kafin ya buɗe shi sai da ya gargaɗe mu, ni ma ina gargaɗinku: kada wanda ya buɗe akwatin wuta a gida. A ciki akwai wani babban kafasita, kamar batirin tocila, wanda a irin na zamani yakan riƙe wutar da ta kusa bolt 400, kuma yana iya riƙe ta ko bayan an zare filogi. Baba sai da ya sallami wutar da wata 'yar dabara tasa, ya auna da mita, kana ya sa hannu. Cikin kuwa kamar gidan da aka yi ƙaura. Wayoyin sirara, roba ta fi jan ƙarfen yawa. A kan allon an zana wuraren da ya kamata a dasa kayan tace wuta, amma babu su, an haɗe ramukan da guntayen waya. Ya nuna mana wani gurbi ya ce nan ne mazaunin mai gadi, watau ɗan ƙaramin abin da ke kashe akwatin nan take in wuta ta haura, ko an ja fiye da kima, ko zafi ya yi yawa, ko wayoyi sun haɗu. Gurbin fayau. Ya ce tsohon akwatin Yaya da ke mutuwa ɗif ba lalacewa ya yi ba, mai gadinsa ne ke aikinsa. Nawa kuwa da aka fi ƙarfinsa bai san ya tsaya ba, sai da ya fashe, kuma kafin ya mutu ya watsa wa na ƙasa da shi abin da ba su iya ɗauka.

Aka shiga duba ɓarna. Babban allo ya tafi, ba gyara. Katin hoto, da aka gwada shi a wata kwamfutar, ya tashi lafiya, Yaya ya sauke numfashi. Saura faifan ajiya. Aka ba shi wuta, shiru, ko motsi. A cikinsa kuwa akwai bikin mutane na kwana uku, wanda ba a sake shi. Kuɗi ana iya mayarwa, amma ba wanda zai ce wa amarya ta koma gidan ubanta a sake rako ta don mai bidiyo ya ɗauka. Tun kafin azahar abokin ango ya buga waya sau biyu. Yaya bai ɓoye masa ba, ya ce an sami matsala, a ba shi kwana uku, in abin bai yiwu ba zai zo da kansa ya yi wa iyaye bayani.

Baba ya ce a bar masa faifan. Kwana biyu ina zuwa ina zama a bencin ƙofar shagonsa, ba don ina da abin yi ba, sai don gida ya yi mini ƙunci. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce, "Kai da aka aika." Wannan ya fi mini bulala ciwo.

A zaman nan ne na tambayi Baba abin da ke damuna: in wannan ƙarya ne, yaya aka yi na gaskiyar, mai girma ɗaya da shi, yake ba da wat 750? Ya tashi ya jawo wata tsohuwar taransifoma daga ƙarƙashin tebur ya ce in ɗaga. Da ƙyar na raba ta da ƙasa. Ya ce wannan ta wata tsohuwar amfilifaya ce, kuma ba ta kai rabin wat ɗin da nake magana ba. Dalilin nauyinta shi ne da wutar gida take aiki kai tsaye, mai kai-da-komo sau 50 a sakan, saboda haka kowane zuwa sai ta kamfaci mai yawa, sai an yi mata ƙarfe da waya masu yawa. Ya ce, "In za ka cika randa, ko dai ka ɗauko ruwa a babban tulu sau ɗaya, ko ka sami yaro mai gudu ya yi ta kai-da-kawowa da moɗa. In yaron na da saurin aljani, moɗa ta isa." Akwatin zamani yakan fara miƙar da wutar gida ta zama mai hanya ɗaya, sa'an nan waɗansu 'yan makunnai na lantarki su riƙa datsa ta suna saki sau dubu ɗari ko kusa da haka a sakan guda. Da wannan saurin, taransifomar da ba ta fi akwatin ashana biyu ba ta isa. Cajar wayar da ke aljihunku ma haka take aiki, shi ya sa ba ta da nauyi.

Daga baya na bincika na ga dabarar ba sabuwa ba ce. Kwamfutar Apple II ta 1977 da irin wannan akwatin ta fito, wanda wani injiniya mai suna Rod Holt ya tsara. Kwamfutar IBM ta tebur ta 1981, akwatin wutarta wat 63.5 ne kacal. Yanzu kuwa katin hoto guda na kamfanin Nvidia, RTX 4090 na 2022, wat 450 yake sha, wanda ya gaje shi a 2025, RTX 5090, wat 575. Saboda irin waɗannan mayunwata ne masu ƙera ƙananan akwatuna ke ta tsere, har kamfanin Corsair ya fitar da SFX mai wat 1000 a 2024. Wat dubu fa, abin da dutsen guga na lantarki ke ci ke nan, a cikin abin da bai cika lita guda ba.

Ran Alhamis da hantsi Baba ya kira ni ciki. Ya nuna mini wani ɗan baƙin abu a kan allon faifan, bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, ya tsage. Ya ce wannan aikinsa ke nan, in wuta ta haura sai ya haɗe hanya ya mutu, don kada ta isa ciki. Ya ɗauke shi da ƙarfen dalma, ya auna sauran, ya haɗa faifan da wani akwatin wuta amintacce. Muka kasa kunne. Sai na ji wani ɗan zuuu, faifan ya fara juyawa. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Baba ya ce, "Tashi ka kira yayanka ya zo da inda zai kwashe, yanzu-yanzu. Faifan da ba shi da mai gadi ba a sake amince masa." Kafin la'asar an kwashe kome wuri biyu, ko minti ɗaya bai ɓata ba.

Na koma wurin mai teburin nan da gawar akwatinsa. Ya ce bai taɓa ganina ba.

Da muka je karɓar na gaskiyar, Yaya ya sa ni na gaya wa mai shagon abin da ya faru da bakina, har da cewa saura kaɗan a zo a ci masa mutunci saboda ni. Mutumin ya yi dariya har da hawaye, ya miƙo mini kwalin ya ce in jinjina. Nauyinsa ya kusa kilo guda, ciki a cushe, ba wurin da za ka sa yatsa. Wajen ɗaurawa na miƙa hannu zan ɗauki wata waya ta tsohon akwatin nan mai wat 450, don na ga ta fi tsawo kuma bakinta ya shiga daidai. Baba ya buge mini hannu. Ya ce bakin da ke shiga akwatin ba shi da tsari ɗaya tsakanin kamfani da kamfani, wani lokaci ma tsakanin ƙira da ƙira na kamfani guda. Ramin da ke ba da bolt 5 a wannan yana iya zama na bolt 12 a wancan, ka ƙone faifai da hannunka. Kowane akwati da wayoyinsa. Da aka kunna kuma na ga fankarsa ba ta juyawa, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan an sake. Ashe haka aka yi shi, in aikin ba shi da yawa fankar hutawa take yi, sai ya ɗauki zafi take tashi.

Da aka komo makaranta na kai wa malaminmu na kimiyya tambaya a kan dalilin tsadar ƙaramin, tun da kayan da ke cikinsa ba su fi na babban yawa ba. Bai san dalilin tambayar ba, sai yau in ya karanta. Ya ce amsar ita ce zafi, ya hau allo. Babu akwatin da ke mayar da duk wutar da ya sha, wani kashi yakan zama zafi a cikinsa. In kwamfuta na neman wat 600, akwatin da ke mayar da kashi 80 cikin ɗari zai ja 750 daga bango, 150 su zama zafi. Wanda ke mayar da kashi 90 zai ja wajen 667, zafinsa 67 kawai. Babban akwati yana da fili da fanka mai milimita 120 ko 140 da za ta kore zafin a hankali. Ƙaramin kuwa fankarsa ba ta wuce milimita 92, kayan kuma a matse suke kamar fasinjojin motar kasuwa, saboda haka dole tun farko a yi shi da kayan da ba su ɓarnar wuta, su kuwa tsada gare su. Ya ce akwai wata alama da ake bugawa a kwali, 80 Plus, wadda aka fara a 2004, mai matakai daga tagulla, azurfa, zinariya, zuwa sama. Mai matakin zinariya yakan mayar da wajen kashi 90 in yana ɗauke da rabin kayansa. Amma ya ce mu lura, mai buga 900 na ƙarya ba zai ji kunyar buga hoton zinariya ba.

Ya ƙara mana da abu biyu da suka shafe mu mu da ke wannan ƙasa. Na farko, masu ƙera kafasita suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kwanansa da rabi, don haka akwatin da zai shekara goma a ƙasar sanyi ba lalle ya kai haka a ɗakin da ba fanka a Kano ba, balle in ƙurar hunturu ta toshe masa hanci. Na biyu, na kirki an yi shi ya karɓi wuta daga bolt 100 har 240, saboda haka in wuta ta zo da rauni, kamar yadda takan yi mana da magariba, yakan jure. Katin hoto kuma yakan yi wata irin zabura, ya ja ninkin abincinsa cikin ƙiftawar ido, shi ya sa tsarin ATX 3.0 na 2022 ya ce manyan akwatuna su iya ɗaukar ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon kashi ɗaya cikin dubu goma na sakan ba tare da sun mutu ba. Na rubuta duka a bayan littafina, abin da ban saba yi ba.

Kuɗin sabon babban allo da cikon na akwatin wuta Yaya ya biya, amma ya rubuta su a takarda ya manna a bangon ɗaki da sunana a sama. Kowace Asabar, ranar da ake gasar, ina bayansa a babur rungume da ƙafafun kyamara da jakar fitilu, yana rage wani abu daga lissafin. Ni ne kuma mai busa wa kwamfutar ƙura duk mako biyu. Bashin bai ƙare ba sai cikin watan Nuwamba, ranar da ya ciro takardar ya yayyaga, ya aike ni sayen katin kyamara da kuɗi a hannu, bai ce mini kada in tsaya ko'ina ba.

Takalman kuwa na sayar wa wani ɗan ajinmu da hasara tun makon farko. Da su ya ci mana ƙwallo ɗaya tak da muka samu a gasar, ranar da 'yan aji huɗu suka fitar da mu da ci uku da ɗaya. An ce ta kusurwa ya buga ta.